Daga Ciwon Kunne Zuwa Ƙurjin Wuya

A Indabo, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, idan kunnen yaro ya shiga zubar da mugunya, wasu kan toshe shi da auduga su jira sauƙi, alhali kuwa cutar, muddin ta daɗe, tana iya cin ƙashin bayan kunne har ta huda shi, mugunyar ta gangara ta taru can ƙarƙashin naman wuya. Likitan Jamus Friedrich Bezold ne ya bayyana wannan larura a 1881. Alamominta zazzaɓi, da kumburi, da ƙagewar wuya. Kada wanzami ya tsaga kumburin, domin manyan jijiyoyin jini suna kusa. Wajibi ne a garzaya Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda likitocin kunne ke yin tiyata.