Daga filin unguwa a Filinge zuwa filin Seyni Kountché: yadda ƙungiyoyi ke naɗa koci da ɗaukar ƴan wasa

Kowace shekara, tsakanin rufe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da buɗe sabuwa, ƙungiyoyin Yamai kan ci wata kasuwa da ba ta da rumfa. Wannan ta sallami mai horaswa, waccan ta ɗauko sabo, ƴan wasa kuma suna ta canza riga. Labarin yakan iso Filinge ta rediyo da WhatsApp, matasa su yi ta muhawara a majalisa. A irin wannan lokaci ne kuma wasu mutane ke zuwa wurin iyaye suna cewa suna da hanyar fitar da yaro waje, in dai za a biya kuɗin biza da na jirgi.

Saboda haka yana da kyau mutanen Kurfai su san yadda wannan kasuwa take ci: wa ke naɗa koci, ta wace hanya ake ɗaukar ɗan wasa, kuma me doka ta ce. Wanda ya san hanya ba ya sayar da saniyarsa don biyan ɗan jagora na ƙarya.

Su wa ke da ƙungiyoyin?

Babban rukunin gasar Nijar, wanda ake kira Super Ligue, yana ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, wadda Djibrilla Hima Hamidou, da aka fi sani da Pele, ya hau shugabancinta a 2009. Yawancin ƙungiyoyi masu ƙarfi na ma'aikatun gwamnati ne: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta rundunar tsaron ƙasa, USGN ta jandarmomi, AS Police ta ƴan sanda, AS Douanes ta ƴan duwan, sai ta kamfanin lantarki Nigelec. Akwai kuma na jama'ar gari, irin su Sahel SC da Olympic a Yamai, da Jangorzo a Maraɗi.

Wannan bambanci shi ne tushen komai. Ƙungiyar da ke da ma'aikata a bayanta tana da albashin da ke zuwa a kan kari, tana da motar tafiya, wani lokaci ma ɗan wasa na sa ran samun aiki bayan ya ajiye takalmi. Ƙungiyar jama'a kuwa ta dogara ne da aljihun shugabanta da taimakon ƴan kasuwa. Shi ya sa gwanayen ƴan wasa ke kwarara zuwa Yamai, shi ya sa kuma ƙungiyoyin da suka kai zagayen rukuni na kofin Confédération na Afirka suka kasance AS FAN a 2010 da USGN a kakar 2021-2022.

Yadda ake naɗa koci

Ba magoya baya ke naɗa koci ba, ko da yake ihunsu na iya korar sa. Kwamitin gudanarwa na ƙungiya ne ke zaɓe, shugaba ya sa hannu. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko, takardar shaidar horaswa. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da matakai: D, C, B, A, sannan Pro. Ƙungiyar da za ta buga gasar zakarun Afirka ko kofin Confédération dole babban kocinta ya riƙe aƙalla takardar A, ko wadda CAF ta yarda ta kai matsayinta. In babu, ba zai zauna a benci a matsayin babban koci ba, kome sunansa.

Na biyu, buri. Ƙungiyar da ke neman kofi da wadda ke neman kada ta faɗa rukuni na biyu ba koci iri ɗaya suke buƙata ba. Ya kamata a rubuta burin cikin kwantiragi, don kada a yi wa mutum hukunci da abin da ba a ɗora masa ba.

Na uku, kuɗi. Albashin koci ɗaya daga waje, da gidansa da motarsa, na iya cinye abin da zai biya ƴan wasa da dama. In kuma aka kore shi kafin wa'adi ba tare da hujja ba, yana iya kai ƙara FIFA, ƙungiya ta biya sauran kwantiragin.

Na huɗu, lokaci. Kocin da ya zo kafin a buɗe kasuwar ƴan wasa shi ke zaɓen mutanensa. Wanda aka kawo a tsakiyar kaka yana aiki ne da kayan da wani ya saya.

Darasin 2012

Ba mu da misalin da ya fi na Mena, ƙungiyar ƙasa. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ya kai Nijar gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihi. A zagayen share fage Mena ta ci wasanninta uku na gida, ciki har da doke Masar da ci 1-0 a Yamai a 2010, alhali Masar ce ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006, 2008 da 2010. Nijar ta fito ta ɗaya a gaban Afirka ta Kudu da Saliyo, CAF kuma ta zaɓi Doula gwarzon koci na 2011.

Ana dab da gasar 2012 a Gabon da Equatorial Guinea sai aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Bayan Gabon ta ci Nijar 2-0 a wasan farko, ragama ta koma hannun Courbis. Sakamakon bai canza ba: Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0, Mena ta dawo gida ba maki ko ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ba yana nufin koci daga waje ba shi da amfani ba ne. Bajamushe Gernot Rohr ya kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samu makinta na farko a canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Badou Zaki na Maroko ya jagoranci Mena ta doke Ghana 2-1 a Accra a Nuwamba 2024. Shi kuma Doula, da aka ba shi ƙungiyar masu buga wasa a cikin gida, ya kai ta wasan kusa da ƙarshe na gasar CHAN a Aljeriya a farkon 2023. Abin da tarihin ya nuna shi ne, ba launin fasfo ke cin wasa ba. Koci na buƙatar lokaci, da ikon zaɓen ƴan wasansa, da shugabannin da ba sa sa masa baki a jerin sunaye.

Yadda ake ɗaukar ɗan wasa

Koci ne ke faɗin gurbin da yake nema: mai tsaron gida, ɗan baya, ɗan tsakiya ko ɗan gaba. Daga nan masu farautar gwanaye su bazama a wasannin rukuni na biyu, gasannin jihohi, na makarantu da na hutun damina. Wanda ya burge sai a kira shi gwaji. In ya ci, likita ya duba lafiyarsa, a rubuta kwantiragi, a yi masa lasisi a hukumar ƙasa. Ɗan wasan da ba shi da lasisi, a idon doka bai taɓa buga ƙwallo ba.

Dokokin FIFA sun tsara sauran. Ana yin rajistar ƙwararrun ƴan wasa ne a lokuta biyu cikin shekara. Kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba ya wuce shekara 3. A kaka ɗaya ɗan wasa na iya yin rajista da ƙungiyoyi uku, amma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. In ƙungiya ta riƙe masa albashin wata biyu, yana da damar rubuta mata takardar gargaɗi ta kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita.

Hanyar doguwa ce, amma akwai waɗanda suka bi ta. Moussa Maazou ya tashi daga AS FAN zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga nan CSKA Moscow ta saye shi a 2009, ya kuma buga wa Monaco da Bordeaux a Faransa. Amadou Moutari ya fara ne a Akokana ta Arlit, garin da ke da nisan fiye da kilomita 1000 daga Yamai, ya je Le Mans da Metz, sannan Anzhi ta Rasha da Ferencváros ta Hangari. Dukkansu sai da suka fara yin suna a ƙungiyar gida mai rajista. Filinge kuwa kimanin kilomita 180 ne kawai tsakaninta da Yamai.

Alamomin dillalin ƙarya

Doka ta 19 ta ƙa'idojin FIFA ta hana sayar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa. Keɓancewar kaɗan ce, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. Manyan ƙungiyoyi ma ba su tsira ba: an hana Barcelona sayen ƴan wasa a 2014, Real Madrid da Atletico a 2016, Chelsea a 2019, duk saboda yara. To, in wani ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 wata ƙungiyar Turai ya sa hannu, ka san ba gaskiya yake faɗa ba.

Tun 2023 dillalin da ke hidimar sayar da ƴan wasa tsakanin ƙasashe dole ya riƙe lasisin FIFA, kuma ana iya bincika sunansa. Gwaji a wata ƙasa yana da takarda ta musamman da ƙungiyar da ɗan wasan ke sa wa hannu, kuma dokar ta hana neman kuɗi a kan gwaji. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke aiko da takardar gayyata. Duk wanda ya fara da cewa a kawo miliyan ɗaya ko biyu, a yi sauri kada dama ta wuce, kuma kada a gaya wa kowa, to aljihunka yake kallo, ba ƙafar yaronka ba. Yara da yawa daga Afirka ta Yamma sun ƙare a titunan Arewacin Afirka da Turai ta wannan hanya, ba ƙungiya, ba takardu, ba kuɗin komowa, ga kunyar iyayen da suka sayar da dabbobi.

Rage shekaru ma tarko ne. Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gano wanda ya girmi rukuninsa. Yaron da aka kama ya rasa damarsa, sunansa kuma ya ɓaci.

Kuɗin reno: haƙƙin da ake bari a ƙasa

Ga abin da ya fi shafar garuruwa irin su Filinge, Bonkuku, Damana da Baleyara. Duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko, daga 12 zuwa 15, kowace tana da rubu'in kashi 1 cikin 100. Sauran takwas kowace tana da rabin kashi 1.

A yi lissafi. In aka sayar da ɗan wasa a kan biliyan 1 na sefa, kuɗin reno miliyan 50 ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 tana da miliyan 10 a ciki. Kuma ba sau ɗaya ba ne: in aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, a sake biya. Tun 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da ke karɓar irin wannan kuɗi yana tura wa masu shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Ofishin yana duba tarihin rajistar ɗan wasa ne kawai. In ƙungiyar unguwa ba ta da rajista a hukuma, ko ba ta yi wa yaron lasisi ba, sunanta ba zai fito ba. Mutumin da ya shekara huɗu yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, yana ɗinke raga, yana kai yara wasa, zai ga yaronsa a talabijin amma ko dala ba za ta iso shi ba. A Senegal an gane wannan tun da wuri: makarantar Génération Foot ta Dakar, wadda ta ƙulla yarjejeniya da Metz, ita ta fitar da Sadio Mané, ɗan ƙauyen Bambali, a 2011.

Abin da Kurfai za ta iya yi

Gaskiya ne matsalar tsaro a jihar Tilaberi ta rage zirga-zirga, masu neman gwanaye ba sa yawan fitowa daga Yamai. Amma abin da ya fi muhimmanci yana hannun mutanen gari.

Iyaye su yi wa yaro takardar haihuwa ta gaskiya, su adana ta, kada kuma ya bar makaranta, domin cikin ɗaruruwan da ke buga ƙwallo kaɗan ne za su ci abinci da ita. Masu ƙungiyoyin unguwa su yi rajista ta hanyar reshen FENIFOOT na jiha, su yi wa kowane yaro lasisi tun yana shekara 12. Masu horas da yara su nemi takardar matakin farko, domin koci mai takarda shi ne ake ɗaukar wayarsa in ya ce yana da yaron da ya kamata a gani. Ma'aikatar magajin gari da ƴan kasuwa kuma za su iya ɗaukar nauyin wannan horo da gasar hutu mai tsari. In wani ya zo da maganar fita waje, a tambayi lasisinsa, a tambayi takardar gayyata, a kai maganar hukuma kafin a taɓa ko akuya.

Babban filin wasa na Yamai yana ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu, cikin gundumar Filinge. Yaran wannan yanki na da haƙƙin taka ciyawarsa kamar kowa. Ƙafa ce za ta sa a gan su, amma takarda ce za ta buɗe musu ƙofa.