GUDU A KAN KWALTA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE FALKE YA SANI



A ƙarshen watan Fabrairu na 2022, motocin safa biyu suka yi taho-mu-gama da dare tsakanin Um Hajar da Mangalme, mutum 33 suka rasu. A watan Janairu na 2023 kuma, wata safa ta afka wa gingimarin da ta lalace a hanya tsakanin Um Hajar da Abashe, aka rasa rai 20. Hukumar sufuri ta Chadi ta ɗora laifin na biyun a kan gudu, da lodi fiye da kima, da gajiyar direba. Wannan hanya ce da shanunmu na gabas suke bi zuwa Njamena, saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce a gaba, alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Dalilai suna da yawa: ramuka, tsofaffin tayoyi, rashin fitila, barci, da ƙwayar taramol da wasu yara ke sha don su kwana suna tuƙi. Amma gudu shi ne ke mai da ƙaramin kuskure ya zama jana'iza.

To, bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan ɗaya. In ta kai 100, mita 28 ne. Daga lokacin da direba ya hangi jaki ko rami zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, sakan ɗaya ya wuce, in a gajiye yake ma ya fi haka. Wato kafin birki ya fara kamawa, mota ta riga ta yi tafiyar da ta fi tsawon tirelar kanta. Bayan haka kuma, nisan tsayawa ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninku sau huɗu, ƙarfin karon ma haka. Hukumar da na ambata ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4.

Sannan me ake samu? Daga Masaget zuwa Njamena kamar kilomita 80 ne. Mai tafiyar 80 zai iso cikin awa ɗaya, mai tafiyar 100 cikin minti 48. Minti 12 ke nan, ko shayin farko bai nuna ba. Kuma mai niyyar tsallakawa zai je ya tarar da layi a gadar Ngeli kafin ya shiga Kuseri, ya zauna da shi da wanda ya wuce a hanya.

Motar shanu kuwa lamarinta daban ne da motar siminti. Buhu inda ka ajiye shi nan yake zama. Sa yana da rai, yana motsi, kuma nauyinsa a sama yake. In direba ya shiga kwana da gudu, shanun duka su zube gefe ɗaya, sai ka ga tayoyin ɗaya gefen sun ɗaga. In ya taka birki da ƙarfi, su taru a gaba, ƙaho ya soki ciki, ƙafa ta karye, wanda ya faɗi a tattake shi. Ko motar ba ta kife ba, an yi asara, domin san da ya karye sai dai a yanka shi a bakin hanya a sayar wa mahauta yadda suka ga dama. Ga kuma yaran rakiya da ke zaune a saman katako ba abin kamawa. Su ne ke fara mutuwa, kuma yawancinsu 'ya'yan maƙwabtanmu ne da muka ɗauko daga gaban iyayensu.

A nan zan faɗi abin da ba mu so a faɗa. Mukan zagi direbobi, amma wa ke buga musu waya cikin dare yana cewa lallai a riski kasuwa da asuba? Wa ke biyan kuɗin mota a kan kowane zuwa, har ya yi alkawarin ƙari in an iso da wuri? Wa ke cewa a ƙara cusa shanu uku don kuɗin mota ya sauka? Mu ne. Daga Maiduguri zuwa Legas ya haura kilomita 1,500, kuma galibi direba ɗaya ake ba wa wannan tafiya, goro ne abincinsa. In abu ya faru sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma ran yaron da ke saman mota amana ce a wuyan wanda ya ɗora shi.

Masu tsallakawa Nijeriya su sani cewa dokar hanya ta can ta kayyade wa tirela kilomita 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi, kuma tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar kayyade gudu. Wanda zai yi jinga da mai mota ya tambaya ko tana aiki, don wasu cire ta suke yi.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a sa waɗannan cikin sharuɗɗan jinga tun a wurin lodi: direba biyu a doguwar tafiya, a zuba yashi sosai a ƙasan mota don kada shanu su zame, yara su zauna a gaba ko a rage yawansu, sannan a yi lodi kwana guda kafin lokacin da aka saba. Motar da ta lalace da dare kuma a sa mata alama mai ƙyalli tun daga nesa, gaba da baya. Ganyen da ake zubawa a kwalta, mai gudu ba ya ganinsa sai ya hau kansa.