Maiƙo a Jini da Shanyewar Ɓarin Jiki: Ina Gaskiyar Take?

Da zarar an kwantar da mutum saboda shanyewar ɓarin jiki, sai 'yan dubiya su fara ba da fatawa. Wannan ya ce kitse ne ya daskare masa a jijiya, wancan ya ce a haramta masa duk wani mai, wata kuma ta kawo tafarnuwa da lemun tsami, wai za su narkar da kitsen.

Akwai gaskiya a ciki. Nau'in kolestarol da likitoci ke kira LDL, idan ya yi yawa, yana taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru har hanyar jini ta ƙuntata ko ta toshe. Amma ba kowace shanyewa ce ta toshewa ba. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 1 cikin 3 na masu cutar, jijiya ce ta fashe musu a ƙwaƙwalwa. Babban mai laifi kuwa hawan jini ne, matsalar maiƙon jini tana biye.

Batun haramta kowane mai kuskure ne. Hanta ce ke haɗa mafi yawan kolestarol ɗin jiki, kuma irin maiƙon da aka ci yana ƙara shi ko ya rage. Kitsen nama, kakide da man shanu suna ɗaga LDL. Man gyaɗa da man waken soya, idan suka maye gurbinsu, suna sauke shi. Maiƙon kifi irin su sadin yana rage wani maiƙon jini daban, tiragilisarayid, sai dai ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa ba su zama rigakafin shanyewa ba.

Rubutun "babu kolestarol" a jikin jarka ma yana ruɗin mutane. Ai duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestarol, har manja, alhali kusan rabin manja maiƙo ne mai ɗaga LDL.

Siriri ma yana iya samun yawan kolestarol, kuma ba ya zuwa da alama. Gwajin jini kaɗai ke nunawa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ajiye maganin asibiti a koma jiƙo. Babu jiƙon da ke wanke jijiya. A gwajin SPARCL na 2006, maganin rage kolestarol mai suna atorvastatin ya rage sake afkuwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin 100 ga waɗanda ta taɓa kamawa. Mai shansa da ya ji ciwon tsoka, ya koma wurin likitansa a sauya masa, kada ya daina da kansa.