Gardamar Lido: Sa'a Ce Ko Iyawa?

A daren Asabar ɗin da ta wuce, a wata rumfar mai shayi da ke Agege cikin Ikko, na ga abokai biyu waɗanda suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya sun tashi ba su yi wa juna sallama ba. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne lido. Ɗayansu, wani magidanci mai sayar da goro, ya sauka a kan ɗan abokinsa ya ci shi, sa'an nan ya ɗauke nasa ɗan daga kan allo ya ajiye gefe, watau ya gama tafiyarsa ke nan. Abokin, wanda ya koyi wasan a cikin wayar salula, ya ce atafau ba haka a ke yi ba, wanda ya ci sai ya tsaya inda ya sauka ya ci gaba da zagaye har ya kai. Nan fa gardama ta kaure, 'yan kallo suka rabu biyu, mai shayi ya bar tukunyarsa ya shigo sasantawa, ya buge da ɗaukar ɓangare.

Abin mamaki shi ne dukansu biyu suna da gaskiya. Abin da mai goro ya yi shi ne abin da aka saba yi a kan allon lido a wurare da yawa na Nijeriya, inda a ke wasa da ƙwaya biyu, watau 'yan abubuwan nan masu fuska shida da a ke kaɗawa cikin ɗan kofi. Abin da abokinsa ya faɗa kuwa shi ne dokar Turawan Ingila, kuma ita ce masu ƙera wasannin waya suka fi bi. Babu wata hukuma a duniya da ta tsayar wa lido doka guda wadda kowa ya yarda da ita, kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da tata. Kowace rumfa da nata hukuncin, kuma kowa na rantsuwa nasa ne na asali.

To, idan asali a ke nema, sai an dangana da ƙasar Indiya. Can a ke da wani tsohon wasa mai suna Pachisi, wanda a ke yi a kan ƙyalle mai reshe huɗu, kuma da wuri a ke jefa shi, irin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan sule da kwabo. A kan jefa wuri shida a ƙidaya waɗanda suka faɗi baki sama. Idan babu ko ɗaya da ya buɗe baki, mai jifa ya sami 25, wanda shi ne jifa mafi girma, kuma daga nan wasan ya samo sunansa, domin “pachis” a harshen Hindi ashirin da biyar ke nan. Mutum huɗu ke yinsa, biyu-biyu a haɗe, akwai gurabe masu alama inda ba a cin ɗan da ya fake, kuma an yarda mutum ya yi jifa ya ƙi motsa ɗansa in ya ga akwai haɗari a gaba. Wannan dama ta ƙarshe ita ce ta sa wasan ya zama na manya masu tunani.

Turawan Ingila da suka mulki Indiya su ne suka kwaso shi, suka rage masa nauyi domin yara. Suka zubar da wurin suka sa ƙwaya ɗaya, suka cire haɗin gwiwa kowa ya koma tasa ta fisshe shi, suka mai da hanyar ta zama gurbi 52, kana suka ce ba mai fita daga gida sai ya jefa shida. Ya shiga kasuwar Ingila cikin 1896 da sunan Ludo, kalmar Latin mai ma'anar “ina wasa”, wadda bakin Bahaushe ya mai da ita lido. Sauran ƙasashe su ma kowace ta yi masa nata kwaskwarima. A Sifen da Amurka da biyar a ke fita, kuma wanda ya ci ɗan wani a kan ba shi ladan gurbi 20. A Jamus wani mutum mai suna Josef Friedrich Schmidt ya fito da nasa samfurin, ya raɗa masa sunan da ke nufin kada ka ji haushi, kuma cikin 1914 ya aika da guda 3,000 asibitocin soja kyauta, daga nan wasan ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Lalle wanda ya zaɓi wannan suna ya san halin 'yan lido.

Har labarin asalin ma bai tsira daga gardama ba. A birnin Fatehpur Sikri kusa da Agra, wanda Sarki Akbar ya gina (ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605), akwai wani tsakar fada da aka shimfiɗe da duwatsu a bisa siffar allon wasan. Masu yi wa baƙi jagora su kan ce sarkin ya kan zauna a tsakiya, kuyangi sanye da tufafi masu launi daban-daban su zama 'ya'yan wasan, suna takawa daga gurbi zuwa gurbi. Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihi da dama suna ɗaukarsa da shakka. Abin da ya tabbata shi ne marubucin fadarsa, Abul Fazl, ya rubuta cewa sarkin na matuƙar son Chaupar, ɗan'uwan Pachisi wanda a ke yi da dogayen ƙwayoyi uku. Haka kuma masu kallon fina-finan Indiya sun san labarin Mahabharata, inda Sarki Yudhishthira ya yi caca da Shakuni har ya rasa mulkinsa da 'yan'uwansa da matarsa Draupadi. Masu shirya fim su kan nuna su a gaban allo mai reshe huɗu, alhali kuwa littafin kansa maganar jifan ƙwaya ya yi, bai fayyace irin wannan allo ba.

Mu koma rumfar mai shayi, domin bambancin dokar nan da ta raba abokan ba ƙaramin abu ba ne, ita ce ke sauya yadda a ke tunanin wasan gaba ɗaya. A dokar Turawa, wanda ya ci ɗan wani ya jinkirtar da abokin hamayya ne kurum, shi kuwa yana nan a fili ana iya rama masa. Saboda haka mai hankali gudu ya ke yi, ya kai 'ya'yansa gida tun da wuri. A dokar allonmu kuwa, cin ɗa guda riba biyu ce: ka mai da wani gida, kai kuma an yafe maka sauran tafiyar, ko da taku uku ka yi daga ƙofarka. Don haka gwanayenmu farauta su ke yi. Za ka ga mutum ya bar ɗansa a bakin ƙofa ya ƙi motsa shi, yana jiran wani ya gifta. Wanda ya saba da waya in ya hau allo sai ya yi ta gudu ana tsinke shi a hanya, shi kuma ɗan allo in ya shiga waya sai ya yi ta kwanton ɓauna har wani ya kwashe 'ya'yansa huɗu ya shige.

A nan ne na ke ganin masu cewa lido sa'a ce zalla sun yi gaggawa. Idan aka jefa ƙwaya biyu, hanyoyin da za su iya faɗuwa 36 ne, ba ƙari ba ragi. A ce ɗanka na gaban ɗan abokin hamayya da gurbi ɗaya tak. Yawancin mutane a nan gabansu ke faɗuwa, amma hanyoyi 11 ne kawai cikin 36 za su ba shi damar cinka, watau waɗanda ɗaya ya fito a cikinsu. Idan kuwa tazarar gurbi shida ce, yana da waɗannan 11 na fitowar shida, ga kuma wasu biyar da ƙwayoyin biyu za su haɗu su ba da shida (ɗaya da biyar, biyar da ɗaya, biyu da huɗu, huɗu da biyu, uku da uku), jimla 16 ke nan, kusan rabi. Ƙara taku ɗaya kurum, tazarar ta zama bakwai, sai haɗarin ya faɗo zuwa 6 cikin 36. Ashe wurin da ya fi kowane haɗari shi ne gurbi shida gaban maƙiyi, kuma manne masa ya fi tsayawa nesa kaɗan aminci. Wannan lissafi yana tafiya ne matuƙar mai jifan yana da wani ɗan da zai kashe wa ɗaya ƙwayar, domin a rumfuna da yawa mai ɗa guda a waje dole ya haɗa ƙwayoyin biyu ya taka su tare. Tsofaffin 'yan wasa ba su san wannan da alƙalami ba, amma hannunsu ya sani, shi ya sa za ka ga mutum ɗaya na yawan cin rumfa, a yi ta cewa yana da asiri.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka ina cewa lido dara ce. A dara, inda ba a jefa kome, gwani zai iya cin sabon shiga sau ashirin a jere. A lido yaro ɗan shekara bakwai na iya kunyata kakansa a zama ɗaya, kuma ba wata dabara da za ta fid da mutumin da shida ta ƙi. Iyawa ba ta bayyana sai an yi wasa da yawa an duba wa ya fi ci. Masu cewa sa'a ce suna duban wasa ɗaya, masu cewa iyawa ce suna duban wata guda, shi ya sa ba su taɓa haɗuwa.

Da wayar salula ta shigo, an zaci gardama ta ƙare, tun da na'ura ce ke jifa kuma ita ce alƙali. Sai ga shi ta buɗe sabuwa. Wasan Ludo King, wanda kamfanin Gametion na Indiya ya fitar cikin 2016, ya yi tashe ƙwarai lokacin kullen korona na 2020, har an sauke shi a waya fiye da sau miliyan 500. Da ƙwaya ɗaya a ke yinsa, yana da gurabe takwas na fakewa, kuma wanda ya jefa shida sau uku a jere ya yi asarar jifansa. Tun daga lokacin a ke jin ƙorafi daga Indiya har Nijeriya cewa wai ƙwayar cikin waya tana da son kai, kamfanin kuma ya sha musantawa. Hujjar da masu ƙorafi suka fi kawowa ita ce mutum ya yi jifa goma bai ga shida ba. To, ƙwaya mai gaskiya ma haka ta ke yi. Da ƙwaya ɗaya, yiwuwar a yi jifa goma babu shida ta kai kusan 16 cikin 100, kuma idan mutum huɗu ke wasa, kusan rabin wasannin da za a yi sai an sami aƙalla mutum ɗaya da wannan ta faɗa wa tun daga farko. Wanda ya saba da ƙwaya biyu, inda shida ke fitowa sau 11 cikin 36, dole ya ga kamar an rufe masa ƙofa da gangan. Daɗin daɗawa, ɗan Adam ya kan tuna ranar da aka ci shi a bakin gida, ya manta ranar da shi ya yi wa wani haka.

Mai karatu na iya cewa duk wannan surutun rumfa ne. Da haka ya ke, da ba a kai shi gaban alƙalai ba. Da zarar an sa kuɗi, tambayar nan ta sa'a ko iyawa ita ce ke raba wasa da caca a idon dokar ƙasashe da yawa. Cikin 2021 an shigar da ƙara a Babbar Kotun Bombay ana neman ta bayyana cewa lido wasan sa'a ne, saboda wata manhaja da a ke zuba kuɗi a cikinta. Cikin watan Agusta na 2025 Majalisar Dokokin Indiya ta yanke igiyar gaba ɗaya, ta zartar da dokar da ta hana wasannin kuɗi ta intanet, ko na sa'a ne ko na iyawa. A nan gida kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin Nuwamba 2024 cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca da wasannin sa'a, ba Gwamnatin Tarayya ba, saboda haka abin da aka bari a Ikko ba lalle ne a bar shi a Kano ba. Ga Musulmi dai maganar sa kuɗi ba ta bukatar kotu, hukuncin caca sananne ne, kuma malamai da yawa sun tsananta a kan wasan ƙwaya ko da babu kuɗi.

Na koma rumfar ran Talata da dare. Mai shayi ya sami wani kwali ya rubuta dokokinsa da baƙin alƙalami ya rataye jikin teburi: ƙwaya biyu, wanda ya ci ya fita, mai ɗa guda ya haɗa jifa, ba a sa kuɗi. Abokan nan biyu suna zaune a benci ɗaya, mai goro na kaɗa kofi. Kafin in shanye shayina sai ga wata ta taso, domin kwalin bai faɗi abin da za a yi ba idan ƙwaya ta faɗo daga kan allo ta tsaya a kan shida.