Turaren wuta: ƙamshin Salla a Magariya da Dungas

Idan azumi ya shiga goma ta ƙarshe, matan gundumomin Magariya da Dungas, cikin jahar Damagaram, sukan ɗora wata tukunya wadda ba ta abinci ba ce, wato ta turaren wuta. Ko da yake tun shekarar 2011 Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, wannan al'ada ba ta rabu ba.

Saiwar kajiji da ta jema tsiron fadama ne. Icen sandal, farce da kanumfari kuwa, fatake ke kawo su daga nesa. Akan daddatsa icen, a wanke, a shanya. Sa'an nan a narka sukari da ruwa kaɗan bisa wuta marar ƙarfi, a zuba kayan, a yi ta juyawa don kada su ƙone. Bayan an sauke, sai a yayyafa turaren ruwa, a rufe cikin kwalba har kwanaki, ƙamshi ya kama. Mace mai gwaninta takan ƙamsasa ɗakinta, ta sayar da saura ta yi wa yara ɗinkin Salla.

Amma akwai abin lura. Garwashin kasko yana fitar da wata iska mai guba, marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum cikin barci idan ɗaki na rufe. Saboda haka a bar ƙofa a buɗe, a fitar da jarirai da masu asma, a nisanta kasko daga zana da tufafi, a kuma kashe garwashi kafin a kwanta. Rigakafi ya fi magani.