Ƙididdigar Marasa Aikin Yi: Me Take Faɗa Game da Ƙauyukanmu?

A ziyarce-ziyarcen da muke yi a ikkilisiyoyi, akwai tambayar da dattawa da shugabannin matasa suka sha yi mana. Sun ce sun ji a rediyo wai marasa aikin yi a Nijeriya ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba, alhali kusan kowane gida akwai saurayi ko budurwa da suka gama makaranta suna zaune. To, ina gaskiyar take? Mun ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla, domin irin waɗannan lambobi ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji suke dubawa kafin su yanke inda taimako zai tafi.

Daga kashi 33 zuwa kashi 4

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ita ce mai wannan lissafi. Ba kowa take ƙirgawa ba. Takan zaɓi wasu gidaje a kowace jiha, birni da ƙauye, ta aika ma'aikata su yi tambayoyi, sa'an nan ta ƙiyasta na ƙasa duka. Kamar yadda mai sayen masara yakan ɗebi tafi ɗaya ya san abin da ke cikin buhu ke nan.

A shekarar 2018 hukumar ta ce marasa aikin yi sun kai kashi 23.1 cikin ɗari. A ƙarshen 2020, bayan annobar korona, suka kai kashi 33.3, wato mutum sama da miliyan 23. Daga nan aka yi shiru fiye da shekara biyu. A watan Agusta na 2023 sai sabon rahoto ya fito, ya ce a farkon wannan shekara kashi 4.1 ne kawai. A tsakiyar 2024 kuma aka ce kashi 4.3.

Ba ayyuka ne suka sauko kamar ruwan sama ba. Mudun awo ne aka canja.

Tsohon mudu da sabon mudu

A dā, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, ana lissafa shi cikin marasa aikin yi. Yanzu kuwa hukumar ta bi tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. Duk wanda ya kai shekara 15, in ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce don samun kuɗi ko riba, mai aiki ne. Ke nan matar da ta soya ƙosai ran kasuwa kaɗai tana da aiki. Saurayi mai takardar NCE da ya ari babur ya yi acaɓa da yamma ɗaya, shi ma yana da aiki.

Kafin a kira mutum marar aiki kuwa, sai abu uku sun haɗu: bai yi ko awa ɗaya ba, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya fara. Wanda ya gaji da nema ya haƙura, ba ya cikin lissafin. Haka ma wanda yake noma don ci a gida kawai, ba don sayarwa ba, ba a sa shi cikin masu aiki, ana ware shi dabam.

Shi ya sa lambar ƙauye takan fi ta birni ƙanƙanta. A tsakiyar 2024 an ce kashi 2.8 a karkara, kashi 5.2 a birane. Dalili shi ne talaka ba shi da halin zama. Wanda ba shi da abin da zai ci gobe, dole ya fita ƙodago, ko itace, ko dako.

Lambobin da suka fi kama da rayuwarmu

A cikin rahotannin nan akwai wasu lambobi da ba a cika karantawa a rediyo ba. Sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki, aikin da ba shi da takarda suke yi: babu fansho, babu hutun rashin lafiya, babu tabbacin gobe. Masu karɓar albashi ko lada daga hannun wani ba su kai biyu cikin goma ba. A 2022 kuma wannan hukuma ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63, suna cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli. A karkara abin ya kai kashi 72.

Idan muka haɗa waɗannan, za mu ga damuwarmu ba zaman banza ba ce. Aiki ne mai yawan gumi, mai ƙarancin amfani. Akwai kuma watannin rani, daga an gama girbi har saukar damina, lokacin da samarinmu suke tafiya cin rani, majami'a ta rage tsofaffi da mata da yara.

Abin da gwamnatoci suka gwada

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, don koyar da sana'o'i. A 2001 Shugaba Obasanjo ya kawo NAPEP, wadda sunanta ya zauna a kan keken nan mai ƙafa uku. A zamanin Shugaba Jonathan an yi YouWiN a 2011 da SURE-P a 2012. A 2016 gwamnatin Shugaba Buhari ta fara N-Power, inda aka riƙa biyan masu digiri da makamantansu naira 30,000 a wata su yi koyarwa, ko aikin lafiya, ko na gona. A farkon 2021 aka yi shirin ayyuka 774,000, mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. A 2023 gwamnatin Shugaba Tinubu ta fara 3MTT, don koya wa mutum miliyan uku sana'o'in kwamfuta.

Kada mu raina su, gama akwai waɗanda suka amfana. Amma mu lura da abu uku. Yawancinsu na ɗan lokaci ne, sukan tafi tare da gwamnatin da ta kawo su. Ba su kai yawan masu bukata ba: in aka raba guraben 774,000 ga mutum miliyan 23, ɗaya cikin talatin ne zai samu. Na uku, shirye-shiryen baya-bayan nan ta intanet ake cika takardunsu, abin da yakan bar ɗan ƙauye a baya.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu yi hattara da masu sayar da aiki. Mun ga iyalai da suka sayar da awaki, har da gona, suka ba wani wai zai samo wa ɗansu takardar ɗaukar aiki, daga baya babu kuɗi, babu aiki. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin aiki, a kawo maganar gaban dattawa tukuna. Mu tuna kuma da Maris 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka fito neman guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, aka rasa rayuka cikin turmutsitsi.

Na biyu, kowace ikkilisiya ta yi nata lissafi. Sakatare da shugaban matasa su rubuta: su wa suka gama makaranta, wace sana'a suka iya, wata nawa a shekara suke zaune. Su duba kuma wa ke da lambar NIN da asusun banki, gama shirye-shiryen gwamnati sukan nemi su. A zaɓi matashi ɗaya mai aminci da zai riƙa bin sanarwa yana taimakon sauran cika takardu.

Na uku, mu tanadi aikin rani tun damina. Inda akwai fadama, a haɗa kai a yi lambu. Zumuntar mata ta ƙarfafa adashi ya zama jari, ko na kiwo, ko na ajiye hatsi har ya yi daraja. Masu sana'a a cikinmu, kafinta, tela, magini, bakanike, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa.

Na huɗu, in ma'aikatan ƙididdiga sun zo da shaidarsu, mu karɓe su, mu faɗi gaskiya. Wanda yake son ƙarin aiki ya faɗa, gama akwai tambaya a kan haka, kuma ana rubutawa.

A cikin Matiyu sura 20, Yesu ya ba da misalin mutanen da suka wuni a kasuwa har yamma. Ba lalaci ya tsayar da su ba, wanda zai ɗauke su ne ba su samu ba. Kada mu yi saurin kiran 'ya'yanmu malalata. Mu san yawansu, mu san sunayensu, mu nema musu mafita tare. Duk ikkilisiyar da ta gama lissafinta, ta ba ma'aikacinmu idan ya zo ziyara, domin mu tsara horon sana'a na rani mai zuwa bisa bukatar da take akwai. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku.