Merv Griffin, furodusan da ya juya kacici-kacici a baibai

A ƙarshen shekarun 1950 mutuncin gasar kacici-kacici ta talabijin ya zube a Amurka. Asiri ya tonu cewa masu shirya wasu gasannin, irin su Twenty-One, suna raɗa wa ɗan takarar da suke so amsa ta bayan fage, har da koya masa yadda zai share gumi ya yi kamar yana tunani. Charles Van Doren, malami a Jami'ar Columbia da ya yi takara a Twenty-One, ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisar dokoki a 1959. Gidajen talabijin suka tsame hannu daga manyan gasanni.

Ana cikin haka ne Merv Griffin, mawaƙin da ya koma gabatar da shirye-shirye, yake neman sabuwar gasa. Matarsa Julann ce ta kawo dabarar suna cikin jirgin sama: tunda ba da amsa a ɓoye ne ya jawo abin kunya, to a ba kowa amsar a fili, ɗan takara ya nemo tambayar. Mai gabatarwa zai ce "babban birnin Masar", ɗan takara ya danna ƙararrawa ya ce "mene ne Alƙahira?" Idan ya manta bai faɗa da sigar tambaya ba, yana iya rasa kuɗin ko da ya sani. Haka Jeopardy! ya fara a tashar NBC ranar 30 ga Maris, 1964. A 1975 Griffin ya ƙara da Wheel of Fortune, wasan cike gurbin haruffa da juya wani ƙaton faifai mai ɗauke da kyaututtuka.

Masu kallo fuskar Alex Trebek suka sani, wanda ya gabatar da Jeopardy! daga 1984 har rasuwarsa a 2020. Amma a ganina gwanintar Griffin ta fi fitowa wajen ciniki. A 1986 ya sayar wa Coca-Cola kamfaninsa kan dala miliyan 250, sai dai ya riƙe haƙƙin ɗan kiɗan nan na daƙiƙa 30 da ake sakawa lokacin da 'yan takarar Jeopardy! ke rubuta amsar ƙarshe. Shi ya tsara shi da kansa, kuma duk lokacin da aka saka shi sai an biya shi, har ya rasu a 2007.